Sojojin Bama: Sa Kai Suka Yi Ko Ɗibar Su Aka Yi?

Malam Nasiru: Salamu alaikum. Jiya a majalisarmu ta bayan Isha'i a Gwale wani ya dage cewa duk mutanenmu da suka je yaƙin Bama, wato ƙasar Burma ta Asiya a Yaƙin Duniya na Biyu, sa kai suka yi, ba wanda Bature ya kama. Na ce ban yarda ba, aka yi mini ca. To ga shi na kawo nan, a warware mana.

Abba Tela: Wa alaikumus salam. Malam, ai gaskiya mutumin ya faɗa. Rundunar sojan Ingila ta Afirka ta Yamma tana nan tun 1897 da Lugga ya kafa ta, ita ce ma ta ci Kano a 1903. Da Ingila ta shelanta yaƙi da Jamus ranar 3 ga Satumba 1939, faɗaɗa ta kawai aka yi. Kakana ɗan dako ne a Kurmi, da ƙafarsa ya je aka auna masa ƙirji aka duba haƙora. Ya ce kaki ya gani, da abinci kullum, da albashi duk wata. Ba wanda ya ja shi.

Hajiya Binta: Abba, naka kakan ke nan. Ƙanen kakata a ƙauye yake, gabas da birni. Saƙo ya zo wa dagaci cewa ana son mutum uku daga ƙasarsa. Bai ba da ɗansa ba, bai ba da na liman ba. Maraya ya nema, da wanda ake bi haraji. Kwana biyu bawan Allahn nan yana cikin rumbu, an kife shi da murfi, kakata na zura masa fura a ƙoƙo. Da aka ce za a tafi da yayansa a madadinsa, sai ya fito da kansa. A takarda kuwa na tabbata sa kai aka rubuta.

Abba Tela: Hajiya, anya ba ɗiban gwamna kike nufi ba? Wannan ai na kuza ne.

Malam Auwalu: Abba ya taɓo wuri mai kyau, don ana yawan gwamutsa su. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa inda take samun kuza, sai aka yi dokar aikin tilas aka riƙa kwasar talakawa zuwa Jos har 1944. Wannan ba musu, tilas ce tsagwaronta, kuma sanyin tsaunin da ƙarancin abinci sun kashe mutane. Soja kuwa a bakin gwamnati na masu so ne. Amma ku duba hanyar da maganar ke bi. Razdan ya gaya wa Sarki, lokacin Abdullahi Bayero ne a Kano, Sarki ya gaya wa hakimai, hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya kira mai unguwa. A sama roƙo ne. Kafin ta sauko ƙauye ta zama umarni, don dagacin da ya dawo hannu rabbana ya san rawaninsa na rawa.

Sadiya: Baba Auwalu, to su ba su ga yaƙin na wasu ne ba? Me ya haɗa Bakano da Hitila?

Malam Auwalu: 'Yata, ba nisa ya yi musu ba. Bayan Faransa ta faɗi a Yunin 1940, Nijar ta koma hannun gwamnatin Bishi ta Faransa mai ɗasawa da Jamus, ga Damagaram nan kusa. Jiragen yaƙi da ake haɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana ta yanzu, a Kano suke sauka kafin su wuce Maiduguri, Hartum, har Alƙahira. Ga kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a Janairun 1939, mutum ɗaya ya karanta, goma na saurare. Wasu da zuciya ɗaya suka tafi.

Abba Tela: Yauwa. Ashe dai akwai masu sa kai.

Malam Nasiru: Ban ce babu ba, Abba, kalmar "duk" ce ta tsaya mini a wuya. Kuma ko wanda ya je da ƙafarsa, me aka gaya masa? Runduna ta 81 da aka kai kwarin Kaladan a Bama tana da dubban mutane da aikinsu ɗaukar kaya a ka, harsashi da abinci, cikin dajin da mota ba ta shiga. Mutum ya gudu daga dako a Kurmi ya tarar da shi a Bama.

Abba Tela: Wallahi abin da ya sami kakana ke nan. Har ya rasu in an ambaci ruwan Bama sai ya shafa wuyansa. Amma dai bai taɓa cewa kama shi aka yi ba, ni kuma ba zan ce masa ba.

Sadiya: Hajiya, shi na rumbun ya dawo kuwa?

Hajiya Binta: Ya dawo a 1946, da akwatin ƙarfe da lambobi a ƙirji. Ya tarar an ba wani gonarsa. Kwana bakwai ya yi a garin ya taho birni, ya kama gadi a wani kamfanin gyaɗa. Akwatin yana ɗakina, zannuwa nake sawa a ciki.