Cinyoyina suna gazawa tun ban kai gindin dutse ba

Salam. Don Allah a ba ni shawara.

Ina wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara don nishaɗi, amma da na fara gangarowa sai gaban cinyoyina ya ɗau zafi, ƙafafu su kama rawa, har shan kwana ya gagare ni. Numfashi kuwa lafiya lau.

Na yi gudu, na tuƙa keke, babu canji. Na koma tsugunawa da miƙewa, da jingina da bango gwiwa a lanƙwashe. Ƙarfi ya ɗan ƙaru, sai kuma ƙasan ƙoƙon gwiwar dama ya fara ciwo, musamman wajen saukowa daga bene. Abin ya ishe ni.

Wane motsa jiki ne zai sa cinya ta jure gangara ba tare da ya tayar da ciwon gwiwar ba?