Musayar waƙa: Dodgers bana, takwas a jere sannan 16 da nema

Ɗan Shuɗi (Litinin, 14 ga Afrilu 2025)
Salamu alaikum yan zaure. Tun da aka fara kakar besbol ta bana nake son buɗe wannan, to jiya Cubs na Chicago sun sake cin mu Dodgers a gidanmu Los Angeles 4-2 kuma zuciya ta cika sai an amayar. Amsa-amo "ba" ne, mai amsawa ya amsa da baiti dan Allah. Ni ba faɗuwar ce ke damuna ba, hannun masu jifanmu ne.

Bismillah na ɗau alƙalami,
Kan Dodgers ban yi shiru ba.

Mun je Tokyo watan Maris,
Cubs ba su ɗanɗana daɗi ba.

Yamamoto ya riƙe tudun jifa,
Sau ɗai suka ci, ba su ƙara ba.

Tigers sun zo, uku sun sha,
Braves ma dai ba su tsira ba.

Biyar da nema suna gaba,
Ohtani bai ce an gama ba.

Ya ɗaga ta ta haye katanga,
Daren nan ban yi barci ba.

Takwas a jere, mai riƙe kofi
Kafin mu bai taɓa yi ba.

Amma Snell wasa biyu ya yi,
Kafaɗa ba ta bar shi ba.

Kershaw na jinya, Ohtani
Har yau bai fara jifa ba.

Kawun Bronx
Wa alaikumussalam ɗana. Ka ƙirga takwas ka tsallake sha shida, bari kawunka ya tuna maka.

Yaro ka iya lissafin daɗi,
Na Asabar ba ka kawo ba.

Sha shida da nema a gidanku,
Ko maki ɗai ba ku samu ba.

Har Rojas mai tsaron fili
Aka ba jifa, ba ku ji kunya ba?

Dala miliyan ɗari bakwai
Ran nan ba ta yi rana ba.

'Yar Wrigley
Kawu ina wuni. A bar mai abu ya faɗi abinsa mana, mu Cubs muka yi aikin nan ba Yankees ɗinku ba.

Kawu sannu da aron biki,
Gangar nan ba taku ba.

Bashin Tokyo muka je karɓa,
Ba mu dawo hannu sake ba.

Crow-Armstrong jiya sau biyu ya haye,
Yaron bai san tsoro ba.

Yaya Shuɗi ka share ido,
Kuka ba zai goge allo ba.

Ɗan Shuɗi
Anti na ji naki, ke kina da haƙƙin magana, zan zo kanki. Amma Kawu shi ya fara.

Kawu girmanka na nan, amma
Oktoba ba ta yi nisa ba.

Biyar da nema kuna gaba,
A Bronx, ba a wani gari ba.

Ƙwallo ta sauko hannun Judge,
Ta zame, bai riƙe ta ba.

Cole ya tsaya yana nuni,
Bai ruga bes na farko ba.

Bakwai da shida muka ɗau kofi,
Kun kalla, ba ku taɓa ba.

Mai Kallo
Kaiii! Allah ya ƙara basira Ɗan Shuɗi, wannan shi ake kira amsa, wlh baitin Cole ɗin nan sai da na sake karantawa, an gama da Kawu a tashi a watse

Na Zango
@Mai Kallo wa aka gama da shi? Kai dai duk abin da Ɗan Shuɗi ya rubuta ko tari ne sai ka ce basira. Baitin dala miliyan ɗari bakwai na kwantiragin Ohtani ya fi duk abin da aka sa a nan, kuma Kawu yana kan aiki ne, ku jira ya dawo

Mai Kallo
Kai ma ai maƙocinsa ne a Bronx me za ka ce dama

Ƙanen Padres
Yayye na ku ba ƙarami wuri, wannan ne karo na farko da nake gwadawa

Ku duka kuna ta faɗa a kan bara,
Mu Padres muna saman tebur ba mu ce komai ba.

Machado da Tatis suna aiki,
Rockies sun zo kwana uku ko maki ɗaya ba su gani ba.

Dodgers na uku a rukuni,
Kuɗinsu sun ƙare a banza.

Malam Ma'auni
Assalamu alaikum. Ni daga Zariya nake kuma besbol ba wasana ba ne, waƙar ce ta kawo ni. Ƙanena, baitinka na biyu ɗangon farko gaɓa 10, na biyun gaɓa 18, wa zai iya rera wannan da numfashi ɗaya? Sannan an ce amsa-amo "ba" ka rufe da "banza", wato ka sa ba ɗin a gaba ka bar baya tsirara. Shi ma mai zauren bai fita ba, "Kan Dodgers ban yi shiru ba" gaɓa 8 ne, sai ga "Yamamoto ya riƙe tudun jifa" gaɓa 11 a waƙa ɗaya. Kuma ba yawan gaɓa kaɗai ake dubawa ba, ana duba mai nauyi da marar nauyi inda kowacce ta faɗa. Ga misali a karin Rajaz, mustaf'ilun mustaf'ilun:

Waƙa awo ne, 'yan'uwa,
In ba awo, ai bai yi ba.

Ku duba jifan naku ma,
In ya yi gefe, bai ci ba.

Ɗango da ɗango sai su zo
Kai ɗai, ƙanena bai ji ba.

'Yar Wrigley
Malam Allah ya ƙara ilimi, baitocinka sun zauna daram ban musa ba. Amma yaron nan ya ce karon farkonsa ne, haka ake tarbar baƙo? Kuma ba duk waƙar Hausa ce ke bin aruli ba, makaɗan baka suna jan gaɓa su matse ta yadda kiɗa ya so kuma ba wanda ya ce musu karin ya karye

Malam Ma'auni
Hajiya makaɗi yana da kalangu da yan amshi suna rufa masa asiri. Nan rubutu ne, ina kalangun? Rubutacciyar waƙa ma'auninta shi ne kiɗanta. Kuma tunda an taɓo, amsa-amon "ba" ma ai arha ne, duk jimlar korewa da shi take ƙarewa, ko yaro ya iya

Mai Kallo
Arha? Malam magabata nawa suka yi waƙoƙin wa'azi da ba ɗin nan, su ma arha suka nema? Kai ma yanzu da shi ka yi naka

Malam Ma'auni
Na bi dokar mai zaure ne. Magabata sun yi da shi amma da awo suka yi

Na Zango
Malam yana da gaskiya a kan Ɗan Shuɗi, gurgun ɗango ne wancan na Yamamoto. Na Kawu kam lafiyarsu ƙalau

'Yar Wrigley
Na Zango ka je ka ƙirga "Aka ba jifa, ba ku ji kunya ba" ka dawo mu yi magana

Ƙanen Padres
Malam na gode da gyara, zan koya in sha Allah. Amma ko da awo ko babu awo Padres ce ta ɗaya a rukuninmu na yamma, wannan ba ya buƙatar aruli

Malam ka auna min tebur,
Dodgers ba su kamo mu ba.

Mai Kallo
Wannan kam ya zauna! Malam sai ka sa masa albarka

Kawun Bronx (Talata, 15 ga Afrilu)
Na dawo. Na bar zaure ana maganar Judge na tarar ana ƙirgen gaɓa. Ɗana ban manta da kai ba, kuma tunda Malam ya raina "ba" na canza, a bi ni da "ya" in an isa.

Ɗana ka taɓo Judge, ka yi ganganci,
Ran Brewers uku ya aika shi ɗaya.

Hom-ron tara muka yi a wasa guda,
Ci ashirin, su tara, a tambayi duniya.

Kofi ashirin da bakwai a ɗakinmu,
Naku takwas, ku rage hayaniya.

Brooklyn ta raine ku kuka guje ta,
Kun bar ta da hawaye, ba kunya.

Na Zango
Allahu akbar! Na ce muku ku jira. Kawu Allah ya ja kwana, tsohon hannu daban ne

Ɗan Shuɗi
Barka da dawowa Kawu, na isa.

Kawu kofunan sun yi ƙura,
Tun 2009 ba sabo ko ɗaya.

Soto ya kwashe kaya sai Mets,
Ya tsallaka Queens, ba ya waiwaya.

Cole an yi masa aikin gwiwar hannu,
Bana kam sai addu'ar lafiya.

Ciwon da ke gidana shi ke gidanka,
Hannun masu jifa na shan wuya.

Ku yi haƙuri in karya dokata in yi magana a zube, don abin da na buɗe zauren saboda shi ke nan kuma an bar shi an bi Malam. Wasa 162 ne a kaka, 18 kawai muka yi, mun ci 12 mun faɗi 6, wannan ba abin kuka ba ne. Freeman ya zame a banɗaki ya fama idon sawunsa, Betts ciwo ya ramar da shi har bai buga a Tokyo ba, duk waɗannan ban damu ba don masu bugu muna da su, Edman ma da ba a ƙirga shi cikin manya ba yana ta aikawa waje. Jifa ne matsalar. An ɗauko Snell shekara biyar dala miliyan 182, mutumin da ya ci kyautar Cy Young ta gwanin jifa sau biyu, wasa biyu ya yi kafaɗa ta kumbura. Sasaki yaro ne ɗan shekara 23 daga Chiba Lotte, a Japan sau ɗaya a mako ya saba jifa, a Tokyo mutum biyar ya ba hanya kyauta zuwa bes na farko cikin inin (zangon wasa) uku, ran Tigers ko inin na biyu bai ƙarasa ba. Amma a yi masa adalci, ran Asabar ɗin da Kawu yake ta yayatawa inin biyar ya yi maki ɗaya kacal aka ci shi, bayan ya sauka ne masu karɓar jifa daga hannunsa suka zube. To in masu farawa ba sa yin nisa kullum masu karɓa ne za su ɗau nauyin, tun a Afrilu, yaya hannunsu zai kasance a Satumba? Bara da masu farawa uku muka shiga World Series, wasannin ƙarshe na ɗaukar kofi, Flaherty da Yamamoto da Buehler, har Buehler ne ya fito ya rufe wasa na biyar bayan ya yi jifa a na uku. Allah ya ba mu, amma ba na so a sake rayuwa a kan wannan siraɗin. Yamamoto ne kaɗai in ya hau tudu nake zama da kwanciyar hankali, ran Juma'a inin shida Cubs ba su ga maki ba.

'Yar Wrigley
Yaya Shuɗi ka ce za ka zo kaina har yanzu shiru, sai dogon bayani

Ka ce baiti, ka kawo huɗuba,
Ko tawada ce ta ƙare, Yaya?

Malam Ma'auni
Hajiya wannan "Yaya" dabara ce mai kyau, na yaba. Kawu kuma ɗangonka na "Ci ashirin" ya yi tsawo

Na Zango
Malam a bar Kawu haka nan, jiya kai ne ka ce amsa-amon arha ne ya canza maka, yau kuma tsawo

Mai Kallo
Jama'a yau fa 15 ga Afrilu, ranar Jackie Robinson, kowane ɗan wasa a kowace ƙungiya lamba 42 zai sa. A 1947 ya shiga fili da rigar Dodgers lokacin da ba a barin baƙar fata a manyan lig, ya sha zagi daga yan kallo da yan wasa bai rama ba. Mu da muke zaune a Amurkan nan da irin fatarsa ya kamata a yi masa baiti, kuma a tuna rigar wa ya sa

Kawun Bronx
Wannan kam na miƙe tsaye. Amma a faɗi gaskiya duka.

Jackie gwarzo, mun sara maka,
Ka buɗe ƙofa, ka sha wuya.

A Brooklyn ka yi, New York ɗinmu,
Los Angeles sai dai su ji a tarihi, su yi shiru gaba ɗaya.

Mai sa arba'in da biyu na ƙarshe,
Rivera namu ne, sarkin rufe hanya.

Ɗan Shuɗi
Kawu ko a ranar Jackie sai ka ja bargo gefenka.

Pasadena ce ta raini Jackie,
UCLA ta ba shi tarbiyya.

Brooklyn aro muka ba ta, Kawu,
Ɗanmu ne tun yana ɗan ƙaramin yaro a kan hanya.

Anti ga naki, ban manta ba:

Tun 1908 kuka zauna jira,
Sai 2016 kuka ga haske, Hajiya.

Wasa biyu kin ci kina ta guɗa,
Afrilu ce, ba a raba ganima tun a hanya.

Malam Ma'auni
"Hanya" sau uku a zaure ɗaya, biyu a bakin mutum ɗaya. Kuma shekarun nan da kuke sawa da lamba ta yaya za a rera su?

Ƙanen Padres
Malam ka rera da Turanci hhh

'Yar Wrigley
Malam a bar shi da hanyarsa, ai zai biyo ta. Yaya Shuɗi mako mai zuwa Dodgers za su zo mana Chicago wasa biyu, Talata da Laraba, ka taho da rigar sanyi don iskar tafki ba ta san mai kofi ba.

Wrigley na nan, ka zo ka gani,
Ka zo da mai jifa in kana da ɗaya.