Ƙanina na son walda, teknikal zan kai shi ko shago?

Yayan Auwalu:
Salam jama'a, don Allah shawara nake nema. Ƙanina ne ya gama JSS3 bana, yaron nan tun yana firamare ba ya wuce shagon mai walda bai tsaya ba, yanzu ya ce shi walda zai yi. Ni na so a nema masa makarantar teknikal ta koyon sana'a, ko ta Bagauda ko ta Ungogo tunda a Kano muke, amma Baba ya ce wai meye na ɓata shekara 3 a makaranta alhali ga mai walda nan a bakin layinmu, a kai shi kawai ya koya ya fara kawo na cefane. To ni dai hankalina bai kwanta ba wlh, waɗanda suka san harkar ku faɗa min gaskiya.

Na Panteka:
Wa alaikumussalam. Ni a shago na koya nan Panteka Kaduna, ban taɓa shiga teknikal ba, kuma Alhamdulillah da ita na yi aure nake ci da iyali, ƙofa, taga, get, tankin ruwa, gadon ƙarfe duk ina yi. Amma bari in faɗa maka abin da ya taɓa ci min rai, akwai wani injiniya da ya kawo min aikin rufin sito ya miƙo min takardar zane, na juya ta na sake juyawa, duk wasu alamomi ne da kibiyoyi da lambobi ban gane komai ba, ƙarshe wani yaro da bai kai ni iya riƙe ilektirod (sandar walda) ba shi ya karanta ta ya karɓi aikin, ni na koma ina masa aiki a biya ni kullum. Har yau in na tuna sai in ji ba daɗi. Ka ba Baba haƙuri a kai shi makarantar, in an yi hutu ya zo shago hannunsa ya faɗa.

Malam Teknikal:
Yayan Auwalu, ni abin da nake koyarwa ke nan. Shekara 3 ne, a ƙarshe ya zana jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar makarantun sana'a, ya samu NTC, wato takardar shaidar gama teknikal, kuma ba walda kaɗai zai yi ba har da lissafi da Turanci da fiziks da zanen injiniya, don haka in sakamakonsa ya yi kyau zai iya wucewa poli ya yi difloma ta ND, akwai ma PTI, makarantar koyon aikin man fetur ta Effurun a jihar Delta da ke da sashen walda na harkar mai da gas.

Abin da mutane ba su gane ba walda hawa-hawa ce. Ta get da taga da ilektirod 6013 kowa na yi. Amma je ka wajen masu haɗa bututu irin aikin gas na AKK da ya taso daga Ajakuta ya bi Kaduna zuwa Kano, can sai an gwada ka a 6G, a kafe bututu a karkace digiri 45 ba a juya maka shi, kai za ka zagaye shi da hannu sama da ƙasa, sannan a ɗauki hoton ɗinkin waldar a ga ko akwai rami a ciki. Ilektirod 7018 ma ba a barin sa ya sha danshi, a cikin oben ake ajiye shi, wanda bai san dalili ba zai ce iyayi ne. Ga kuma waldar iskar gas ta agon da ake yi wa silba da alminiyam. Teknikal ba za ta mai da shi gwanin 6G ba, amma ita ke ba shi tushen da in ya je kwas zai gane abin da ake faɗa.

Sai dai kar ka biya ko kwabo sai ka je da ƙafarka ka ga wokshop ɗin, ka tambaya injin nawa ke aiki, akwai janareta, sau nawa ake firaktikal a sati. Na taɓa koyarwa a inda yara sama da 30 ke layin inji ɗaya, in aka ɗauke wuta shi ke nan sai allo.

Umman Khalil:
Ni dai roƙona ɗaya, duk inda za ku kai shi ku saya masa fuskar walda mai kyau da safar hannu ta fata da takalmi. Maigidana mai walda ne, da can da baƙin gilashin kasuwa yake yi, sai tsakar dare ya farka idonsa kamar an zuba yashi hawaye na ta zuba ba ya iya buɗewa, har madara muka sha ɗiga masa sai da likita ya hana mu. Kuma ku ja masa kunne kar ya kuskura ya sa wuta a tankin da aka taɓa zuba fetur ko da an ce an wanke.

Yayan Auwalu:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Na karanta wa Baba maganar zanen nan ya yi shiru, ya ce in je in gano wokshop ɗin tukuna. Malam, ran Litinin in na je wa zan nema, firinsifal ko shugaban sashen kai tsaye?