Kifin bas yana bin kotona na saman ruwa amma ya ƙi hadiya

Salamu alaikum, 'yan uwa masu fatsa. Na rasa yadda zan yi da kifin bas mai ratsi a mashigin ruwan Cape Cod, jihar Massachusetts ta Amurka.

Da asuba kifin yakan taso yana farautar ƙananan kifaye da ba su wuce tsawon yatsa ba. Ina jefa koton katako mai siffar fensir, inci 7, mai yawo a saman ruwa. Zai biyo shi, ya yi juyi a bayansa, wani lokaci ya make shi da wutsiya har koton ya yi tsalle, sai ya nutse abinsa. Na canza launi daga fari zuwa rawaya, na wasa ƙugiyoyi, na rage saurin naɗe zare, duk a banza.

Koto mai kwarmin baki mai fantsama ruwa kuwa, ƙarfin igiyar mashigin nan yana kifar da shi. Ƙaramin koto mai inci 4 shi kifayen suke cafka, amma iska ba ta barinsa ya kai tsakiya, inda manyan suke.

Don Allah, wane irin koton sama ne gajere amma mai nauyin da zai yi nisa, igiya kuma ba ta juya shi ba?