Sun haddace ABC amma sun kasa karanta kalma

Sabuwar malama, aji 2: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Shawara nake nema. Yarana sun haddace A zuwa Z, in na karanta jimla a allo sai su amsa baki ɗaya har ajin ya ɗauka. Amma in na ta da yaro ɗaya na nuna masa "sat", sai ya yi zuru yana kallona.

Malamin aji 1: Wa'alaikumus salam, Malama. Sunayen haruffa suka haddace, ba sautinsu ba. Haruffan Turanci 26 ne, sautukansa kuwa kusan 44. Ki gwada Jolly Phonics, tsarin koyar da karatu ta sautin haruffa, sauti 42 a rukuni 7. Rukunin farko s, a, t, i, p, n. Da waɗannan kaɗai yaro zai haɗa sat, pin, tap da kansa, kada ki jira sai kin ƙare sauran.

Malama mai ritaya: 'Yata, maganar Malam haka take. Sai dai ki rage amshin nan na baki ɗaya. A cikin hayaniyar, wasu leɓe kawai suke motsawa. Kullum ki kira 'yan kaɗan gaban tebur, kowa ya ɗora yatsa kan kalma ya karanta miki. Irin su the, said, one ba sa bin ƙa'ida, ki rubuta su a kwali ki manna a bango, ido ya saba da su.

Malamin aji 4: Hajiya, ni magana ce damuwata. Yaro ya karanta sumul, ka ce me ka fahimta, shiru.

Malama mai ritaya: To ka fara ba su labarin da harshen gida, sannan ku karanta na Turancin. Kuma a daina dukan yaro don ya yi harshen uwarsa a aji, tsoro ne ke ɗaure masa baki. Ka haɗa su bibbiyu, wannan ya yi tambaya, wancan ya amsa.

Malamin aji 1: Malama, in yaro yana rikita sautin p da f, ki sa ya riƙe takarda gaban bakinsa. In ya ce "pan" daidai, za ta yi tsalle sau ɗaya.

Mataimakin shugaban makaranta: Littattafai kuma, ku duba African Storybook da StoryWeaver a intanet. Kyauta ne, an jera labaran daki-daki bisa matakin karatu. In babu na'urar bugawa, a kwafe gajeren labari a babban kwali.

Malamin aji 4: Rubutu fa? Nawa sun iya kwafa daga allo kamar injin hoto.

Mataimakin shugaban makaranta: A rufe allon a yi musu shifta, Malam. Kalmomin da suka koyi sautinsu kawai, daga baya jimla guda a kan hoton da suka zana.

Sabuwar malama, aji 2: Allah ya saka da alheri. Malamin aji 1, sauti nawa kake koyarwa a mako? Ajina ya cika maƙil.