Turke ko sake: wanne ya fi ba rago nama mai kyau?

Mai tambaya, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina sana'ar balangu, kuma ina son in fara ajiye raguna goma-goma ina yankawa a hankali, maimakon sayen nama kullum. Wani naman kitse ya yi masa yawa, masu saye su ce yana daskare musu a baki, wani kuma tauri. In turke su a gida ne ko in ba yaro ya riƙa fita da su kiwo? Wanne ya fi ba da nama mai kyau?

Malamin kiwo, Samaru:
Wa'alaikumus salam Malam. Kowanne da irin naman da yake bayarwa. Ragon sake yana yawo yana cin ɗanyar ciyawa, don haka tsokarsa ja ce sosai, kitse kaɗan, ƙamshin naman kuma da ƙarfi. Amma ba ya saurin girma, kafin ya kai nauyin yanka ya manyanta, taurin da kake ji ke nan. Na turke ba ya ƙona abin da ya ci, yana cika da wuri tun yana ƙarami, naman ya yi taushi, launinsa bai kai na sake duhu ba, kitsen fari.

Balangu yana son kitse daidai gwargwado don kada ya bushe a kan wuta. Shawarata ka sayi 'Yankasa da suka tashi a sake, masu haƙoran manya biyu kacal, wato wajen shekara ɗaya da rabi, ka turke su kwana 60 zuwa 90. Idan ka wuce haka, yawancin abin da kake zubawa kitse yake komawa, a ciki da gindin wutsiya.

Ragon kilo 25 yana cin wajen kilo ɗaya na busasshen abinci a yini. Rabi ko fiye ya zama harawar wake ko ta gyaɗa. Sauran haɗi ne: dusa kashi uku, ƙulin angurya kashi ɗaya, ɗan gishiri. Ka fara da giram 100 zuwa 150 na haɗin a yini, kana ƙarawa a hankali cikin mako biyu har ya kai 400 zuwa 500, rabi safe rabi yamma. Harawa ake fara bayarwa kafin dusa. Da wannan nauyinsa zai iya ƙaruwa da giram 100 zuwa 150 kullum.

Likitan dabbobi:
Malam ya yi bayani, zan ƙara inda aka fi yin asara. Tumbin ragon da ya saba da ciyawa bai san hatsi ba. Idan aka cika masa dusa ko tsakin masara tun ranar farko, tumbin sai ya yi tsami, ka ga zawo, kumburi, ya ƙi cin abinci, wani ma ya mutu. Na biyu, dusa tana da fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan. Ragon da ke kan dusa zalla yakan yi tsakuwa ta toshe masa hanyar fitsari: za ka gan shi yana yunƙuri, yana harbin cikinsa, fitsari na ɗiga kaɗan-kaɗan. Harawa ce ke cike giɓin kalsiyam ɗin, sai ruwa mai tsabta da ba ya yankewa.

Sake ma da nasa. A cikin gari leda suke haɗiya, ta dunƙule a tumbi, rago yana ci yana ramewa. Waɗanda aka yi kiwonsu a fadama, kamar bakin kogin Galma na Zariya, sukan zo da tsutsar hanta, hantar kuma ba ta sayuwa. Don haka ka ba su maganin tsutsa ranar da suka iso, a yi musu rigakafin PPR, wato annobar mura da zawo ta tumaki da awaki, ka ware sababbi na mako biyu. Ka karanta kwanakin jira da ke jikin kwalbar kowane magani, kada ka yanka kafin su cika, domin mutane ne za su ci.

Mahauci, Sabon Gari:
Gaskiya ne Likita. Amma ɗan'uwa, ko ka yi kiwo mai kyau, ranar yanka tana iya ɓata komai. Ragon da aka jawo daga kasuwa cikin rana, ana duka ana fizga, aka kai shi ƙasa nan take, namansa baƙi yake fitowa, a bushe, kuma ba ya jure ajiya. Ka bar shi ya kwana a inuwa, a ɗauke abinci tun dare, ruwa kuwa a bar masa.

Kafin ka yanka, ɗora tafin hannu a gadon bayansa bayan haƙarƙari. In ƙashin yana sukar hannunka, bai yi ba. In sai ka danna kafin ka ji shi, ya yi. In ka laluba ba ka ji ƙashi ko kaɗan ba, kitse ya wuce na balangu, wannan ka ajiye wa masu layya.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Likita, ana iya sa musu kanwa a ruwa?

Likitan dabbobi:
Ka sa kaɗan a mazubi daban, ka bar ruwa zalla a gefe, domin in ta yi yawa sai su rage sha, ga kuma dusa a ciki, sai tsakuwar fitsarin nan ta samu hanya.