Neman shawara kan saƙar alharinin Japan

Baban Khadija: Assalamu alaikum. Ƙanena yana karatu a Japan kuma zai dawo hutu, ina so ya sayo wa mahaifiyarmu turmi ɗaya na alharininsu na saƙar hannu da ake kira tsumugi. Wanne ya fi dacewa da zafin ƙasarmu?

Hajiyar Fagge: Wa alaikumus salam. A nemi Oshima tsumugi na tsibirin Amami, domin ba shi da nauyi, yana da santsi, kuma ba ya saurin yamutsewa.

Maman Sadik: Malam, kafin a kai ga zaɓi, bari in faɗa maka abin da ya same ni. Na taɓa sayen wani ta intanet a hannun ɗan kasuwar da ya rantse mini cewa Oshima ne na asali. Da ya iso na juya bayansa, sai na tarar zanen a fuska ɗaya yake, bayan kuwa fari fat, ashe buga shi aka yi da inji. Na gaskiyar ba haka yake ba, saboda zaren ake ɗaurewa a rina tun kafin a hau masaƙa, don haka zanen yakan fito iri ɗaya ciki da waje. Rininsa ma aiki ne mai cin rai: ana dafa itacen da suke kira sharinbai, a tsoma zaren a ruwansa sau da yawa, sannan a kai shi cikin taɓo mai sinadarin ƙarfe a cuɗa, a sake komawa ruwan itacen, har sai ya yi baƙin nan mai sirkin ja. Turmi ɗaya yana iya cin watanni, wani har shekara. To wanda ya ce zai ba ka shi da araha, ka san akwai magana. Ƙanenka ya duba takardar shaida da ke manne a bakin turmin. Na Amami yana ɗauke da hoton ƙwallon duniya, na birnin Kagoshima kuma tutoci.

Marini: Wannan bayani daidai ne, Hajiya. Mu ma mun san yadda ruwan bagaruwa ke komawa baƙi da zarar ya haɗu da ƙarfe, hikimar ɗaya ce.

Malamin Zinder: Ni dai Yuki tsumugi nake girmamawa. Da yatsu ake jan zarensa daga curin alharini ba tare da an murɗa shi ba, masaƙin kuma da ƙugunsa yake riƙe tsaurin zaren. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2010.

Hajiyar Fagge: Malam, ai Yuki tufafin sanyi ne, ɗumi yake riƙewa. Dattijuwa za ta wahala da shi a watan Afrilu.

Malamin Zinder: Lokacin hunturu fa, Hajiya? Kuma yana ƙara laushi ne gwargwadon yadda ake sa shi.

Abu Hafsa: Tunatarwa ce kawai ga 'yan'uwa maza: alharini zalla bai halatta mu sa ba.

Baban Khadija: Na gode, na Hajiyarmu ne kamar yadda na faɗa.

Telan Sabon Gari: Akwai abin da ba a ambata ba, shi ne faɗin turmin. Don ɗinkin kimono, rigar gargajiyar Japan, ake saƙa shi, faɗinsa bai kai santimita 40 ba, tsawonsa kuma wajen mita 12 ne. Ba za a ɗaura shi zane kai tsaye ba, sai an yanka an jera falle-falle an haɗa, kuma daidaita zanen a wurin haɗin yana buƙatar tela mai haƙuri. Kada kuma a jiƙa shi a baho da sabulun gari.

Maman Sadik: Idan Hajiya tana son launi mai haske, a tambayi Kihachijo na tsibirin Hachijo. Rawayarsa daga wata ciyawa ake samunta, kuma yawanci ratsi-ratsi ne ko gida-gida, abin da zai sauƙaƙa wa tela haɗi.

Marini: Shin akwai wanda ya taɓa riƙe tsumugi na tsibirin Kumejima a hannu? Ina so in ji yadda rininsa yake idan an gwada shi da na Amami.